Mahmuda Mai Doya da Takardar da Muka Kai wa Kansila

Rubuta yadda na faɗa, Adawiyya, kar ki gyara mini magana. Labarin Mahmuda mai doya nake so ya shiga takarda, don na gaji da yadda ake ba da shi a majalisa, kowa da irin nasa ƙarin, alhali duk cikinsu ba wanda ya raka shi ko bakin titi. Ni na raka shi. Ni ne ma na ɓatar da shi, za ki ji.

A wani ƙauye kusa da Keana aka haife shi. Uwarsa gishiri take dafawa, shi kuma ya ce hayaƙin tukunyarta ne ya buɗe masa maƙogwaro tun yana goye, shi ya sa bai iya magana ƙasa-ƙasa ba. Ya shigo Lafia yana saurayi, lokacin jirgin ƙasa na zuwa, ya yi dako a tasha. Da jirgin ya ɗauke ƙafa ba tare da ya yi wa kowa sallama ba, sai ya koma tura baro a kasuwar doya. Ya ɗauki doyar mutane har ƙafaɗarsa ta karkace, rannan ya ce shi ma bari ya noma tasa. Na riga shi tarewa a Akurba da shekara biyu, lokacin nan daji ne, sai ka kori biri kafin ka shanya masara. Katanga ɗaya ce tsakaninmu yau shekara talatin da wani abu.

Bai taɓa mallakar gona ba. Ta Alhaji Ɗanmusa yake nomawa, can ta hanyar Keana, shekara goma sha tara. Sharaɗin Alhaji ɗaya ne: kafin ƙasa ta bushe a ƙarshen damina, ya ga kunyar doya a tsaye, in ba haka ba ya ba wani. Yakan ce gonarsa ba ta hutu. Shi dai Alhaji yana hutawa, tun da na san shi a kan tabarma na san shi.

Abin da aka san Mahmuda da shi gaisuwa. Daga Akurba zuwa gona tafiyar minti arba'in ce a mashin, shi awa biyu yake yi. Ya san sunan kowa, ya san sunan 'ya'yan kowa, ya san wadda akuyarta ta haihu. Zai tsayar da mashin tsakiyar hanya ya tambayi mutum ƙafar kakarsa. Rekiya matarsa ce kaɗai ke iya rufe masa baki, ita ma sai ta haɗa da tuwo.

Shekara biyu ke nan, lokacin sabuwar doya, ya ɗauro kaya bayan azahar zai dawo gida. Inda hanyar gona ta kusa fita titi akwai wata ɗorawa. Mutum uku suka fito masa daga ciyawa, fuska a ɗaure da tsumma. Ya riƙe kan mashin, ɗaya ya sare shi da adda a hannun dama. Suka kwance robar da ya ɗaure doya da ita, suka ɗaure shi a jikin ɗorawar, suka tafi da mashin da doya da wayarsa. Iorfa ne ya tsince shi wajen la'asar, wani Tibi da gonarsu ke haɗe, ya kwance shi, ya yage rigarsa ya ɗaure hannun, ya goyo shi har asibiti.

Daga nan taimako ya fara zuwa, kuma wallahi ba a yi masa rowa ba.

Na farko ofishin 'yan sanda. Yallaɓan da muka samu mutumin kirki ne, ya ba mu benci. Ya tambayi suna, shekara, ƙabila, addini, launin mashin, lambar inji. Ya ce, "Baba, ka gane wani a cikinsu?" Mahmuda ya ce a'a. Yallaɓai ya rufe fayil ya ce mu je gida, za su kira shi a waya. Na tabbata sun kira. Wayar tana aljihun ɓarayi, ƙila su suka ɗauka aka gaisa.

Na biyu 'yan jaje. Akurba kaf ta zo. Kowa ya zauna sai ya kawo labarin wanda aka yi wa abin da ya fi nasa. "Ka gode Allah, Baba, wani ƙafa biyu aka cire masa." "Kai ai wasa aka yi da kai, ƙanin matata sati uku ya yi a daji yana cin ɗanyen rogo." Wani ya ce laifinsa ne da yake tafiya ba laya. Wani ya ce mashin ɗin ma ai ya tsufa, sun rage masa wahala. A haka aka yi ta ƙarfafa masa zuciya har ya daina fitowa zaure.

An yi rubutu ya sha, an yi hayaƙi har kyankyasan gidan suka yi ƙaura zuwa nawa. Addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza, ban ce ba. Amma mutumin da muryarsa ke tashe ni asuba ta kan katanga ya koma kamar an zare masa batir. Ya zauna a ɗaki ya jingina da bango yana kallon ƙofa. Mashin ya wuce a layi, sai ki ga shayi na zuba daga kofi. A gaishe shi, ya kalli mutum kamar yana jiran a sake faɗa.

Ranar da muka koma a duba ɗinki, nas ɗin ta lura. Yarinya ce mai hankali, sai dai layin da ke bayanmu ya kai bakin get. Ta ce, "Baba, hannu ya yi kyau. Amma wannan rawan jiki ba na hannu ba ne. Sai ka je kansilin." Ta yi rubutu a takarda da Turanci ta miƙa masa. Kafin mu buɗe baki an kira ta, wani ya faɗi a layi.

Da muka fito Mahmuda ya ce, "Saleh, me ta ce?"

Na ce, "Kansila. Ka ga gwamnati ta waye yanzu. Duk wanda aka yi wa fashi, Kansila ake tura shi."

Ya ce, "Kamar na ji da ɗan wutsiya a ƙarshe."

Na ce, "Kansilan. Kansilan namu take nufi. Hausar Lafia ce, kowa da inda yake lanƙwasa ta."

Ki rubuta wannan da kyau, ni na faɗa, da bakina, da ƙarfin zuciya irin na wanda ya yi digiri. Na karɓi takardar na naɗe a leda, na ce kar a nuna wa kowa, takardar gwamnati ce, wani sai ya riga mu ya karɓe mashin ɗin da muke sa ran za a ba shi. Ke lokacin kina makaranta a Keffi, da kin ƙwace kin karanta.

Gidan Kansila yana Azuba, sabon gini, get ɗinsa ya fi ɗakina tsada. Sati bakwai muna zuwa. Mu shiga keke, Mahmuda ya rufe ido tun daga Akurba har mu sauka, rigarsa ta jiƙe. Mai gadi ya san mu har yana tambayar Rekiya. Onarabul yana mitin. Onarabul ya tafi Abuja. Onarabul ya dawo daga Abuja, yana huta gajiyar mitin. Ban taɓa ganin mutumin da ke wahala saboda talakawa irin wannan ba, ko ganinsu ba ya samun lokacin yi.

A sati na bakwai Allah ya haɗa mu, yana fitowa zai shiga mota. Na durƙusa na kwance leda na miƙa. Ya karanta. Shi ya iya karatu, wannan ba na shakka, don na ga gefen bakinsa ya motsa kamar mai danne dariya.

Ya ce, "Wa ya turo ku nan?"

Na ce, "Asibiti, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Lallai asibiti sun san aiki. Sun san inda talaka ke samun gata."

Ya tafa hannu aka fito da bokiti, hotonsa a jiki yana murmushi, a ciki shinkafa mudu biyu da sabulu. Ya kira mai ɗaukar masa hoto. Ya ce Mahmuda ya ɗaga hannun da aka sara. Da ya ga an cire bandeji ransa bai yi daɗi ba, ya sa aka nemo wani a mota aka sake naɗawa. Mai hoto ya ce, "Baba, ɗan yi fuskar tausayi." Sai ya duba da kyau ya ce, "Yawwa, haka ma ya yi." Kansila ya mayar mini da takardar ya ce ƙofarsa a buɗe take ba dare ba rana. Mai gadi ya rufe ta a bayanmu.

An ce hoton ya zaga Fesbuk, mutum ɗari huɗu sun yi wa Onarabul addu'a.

Mun dawo da kwana biyu Alhaji Ɗanmusa ya zo da kansa, ka san abin ya kai. Ya tsaya a zaure, bai zauna ba. Ya ce, "Mahmuda, na yi jaje, na sake yin jaje. Amma ƙasa ba ta san jaje ba. Ruwa ya fara ɗaukewa. Na ba ka Juma'a biyu. In ban ga kunya ba, akwai masu so."

Irin doyar Mahmuda na nan jibge a rumbu, na shekara goma sha bakwai yana zaɓa yana ajiyewa, kuma ba shi da wani wuri a duniyar nan da zai binne shi. In gonar ta tafi, ya koma baro yana da shekara sittin da biyar da hannu ɗaya da rabi.

Rekiya ce ta gaji. Mijinta ba ya barci, ta ce ko a takardar nan an rubuta wani magani da Kansila ya manta bai faɗa ba. Ta zare ta daga ledar ba da sanina ba ta kai wa mai kemis na bakin layi. Ina zaune ina gyaran carbi sai ga ta, ko sallama a tsaye ta yi.

"Malam Saleh, sannu da karatu."

Na ce, "Lafiya, Maman Raliya?"

"Lafiya lau. Na zo in yi maka barka ne, an ce za a ba ka shugaban makaranta. Ka san abin da ke cikin takardar nan? Ɗaki na huɗu, bayan inda ake yankar kati. A asibitin nan dai da kuka fito. Mai kemis ya ce taku talatin ne daga inda nas ta tsaya. Wata mata ce ke zama da mutanen da aka yi wa ta'asa tana magana da su, shi ake ce wa kansilin. Kai kuma ka kwashi mijina sati bakwai kuna gadin get a Azuba."

Na ce, "Ai kalmar ce ta yi kama."

Ta ce, "Gishiri ma ya yi kama da suga, ka taɓa zubawa a koko?"

Akwai maganar da dattijo ke bari ta wuce.

Ranar Litinin muka je. Ɗaki na huɗu ɗan ƙarami ne, tebur ɗaya, benci ɗaya, fanka a sama wadda gizo-gizo ya yi wa rumfa. Bango cike da hotuna da lambar waya manya-manya, wai duk wanda aka zalunta ya kira kyauta. Wayar tana kan tebur a mace. Matar ta ce tana aiki sosai, in ta kai ta caji shagon mai aski. Madam Vera sunanta, 'yar Tibi, gajeriya, da tabarau a ɗaure da zare. Ita kaɗai ce a ofishin, ita ce oga, ita ce masinja, ita ke shara.

Ta ce, "Baba, ki zauna."

Mahmuda ya matso kunnena ya ce, "An ƙwace mashin, yanzu kuma an mai da ni mace."

Wata biyu da rabi ban ji ya yi ba'a ba sai ranar. Ta tambaye shi ko yana so in fita. Ya ce, "Bar shi. Shi ya kai ni Azuba, bari ya ga ƙarshen karatunsa."

Ta ce, "Baba, tun yanzu in gaya miki. Mashin babu a nan. Shinkafa babu. In an kama mutum, zan haɗa ki da lauya na kyauta. In kina son komawa wurin 'yan sanda, zan raka ki da ƙafana. Sauran aikin, magana ne."

Ya ce, "Magana? Madam, ina da ita a gida, Rekiya ba ta ƙarewa."

Ta yi dariya ta ce, "Wannan ke za ki yi, ni in ji."

Ranar bai faɗi komai ba sai labarin doya. Ta bar shi. Ta tambaye shi wace iri ta fi daɗin sakwara, suka yi gardama, ya ce Tibi ba su san doya ba sai yawan ci. Na fito ina cewa a raina, to, wannan ma wani Azuba ne, sai dai babu bokiti.

Ranar Alhamis muka koma. Tana cikin tambayarsa yadda yake kwana, sai ta ce, "In kin rufe ido, mene ne yake fara zuwa? Addan?"

Ya ce a'a.

"Igiyan?"

Ya ce a'a. Ya daɗe yana murza yatsunsa biyu da saran ya hana lanƙwasuwa. Sannan ya ce, "Sunana. Lokacin da suke ɗaure ni, ɗaya ya sunkuyo ya ce, 'Baba Mahmuda, don Allah kar ka yi gardama.' A hankali ya faɗa, da ladabi. Na san muryar, Madam. Na san ta, amma na rasa fuskar. Ƙila na je bikin sunansa. Ƙila na gasa masa doya a gona. Tun ranar, duk wanda ya ce Baba Mahmuda, sai in tsaya ina aunawa, shi ne ko ba shi ba. Har a masallaci. Har masu zuwa jaje."

Katanga ɗaya tsakaninmu, kullum ina gidansa, ban sani ba. Rekiya da ke kwana ɗaki ɗaya da shi ba ta sani ba. Mu duk mun zo da abin da za mu gaya masa, ba wanda ya zo da tambaya.

Madam Vera ba ta ce ya gode Allah ba, ba ta kawo labarin wanda aka cire wa ƙafa ba. Ta ce, "Ba ki haukace ba, Baba. Jikinki ne har yanzu yana gadi, bai san an tashi aiki ba." Ta nuna masa yadda zai ja numfashi ya riƙe ya sake in rawar ta taso. Ta ce hanyar gonar kar ya haɗiye ta gaba ɗaya, ya gutsura kaɗan-kaɗan, kuma kar ya je shi kaɗai. Ta ce, "Wa kika tabbata ba shi ba ne?"

Ya ce, "Iorfa. Muryarsa kamar injin niƙa, ko a kabari zan gane ta. Kuma shi ya kwance ni."

Na ce, "Ni fa?"

Ya ce, "Kai ma ba kai ba ne. Da kai ne, da ba ku gane hanyar ba."

Juma'a ta farko ta riga ta wuce a kanmu. Ranar Asabar Iorfa ya zo da mashin ɗinsa, Mahmuda ya hau baya, ni na bi su a wani. Muka kai mararraba ya ce a juya. Aka juya. Litinin muka kai kwalbati, ya sauka ya yi amai, ya zauna a bakin hanya yana jan numfashin Madam, Iorfa na tsaye a kansa yana ba shi labarin wani alade da ya shiga coci. Laraba muka hango ɗorawar daga nesa, ya ce yau iyakarsa ke nan. Na ce masa jibi fa Juma'a. Ya ce ya sani, ba sai na fassara masa ba. Ranar Juma'ar zazzaɓi ya kwantar da shi. Madam Vera ta raka shi wurin 'yan sanda a satin, ya ƙara maganar muryar, aka nemo fayil ɗin a ƙarƙashin butar shayi aka rubuta. Sun ce za su kira.

Sai ranar Talata ya wuce ɗorawar. A ƙafa ya wuce ta, ya ƙi hawa mashin, yana riƙe da gefen rigar Iorfa, bai kalli hagu ba bai kalli dama ba. Muka shiga gona muka tarar da mutum shida da garma suna ta da kunya a fadamar bakin rafi, inda ya fi kowane wuri ba da doya. Alhaji mutum ne mai cika alkawari, ko kwana ɗaya bai ƙara ba.

Mahmuda ya tsaya ya kalle su. Na zaci zai faɗi. Sai ya ce wa na kusa da shi, "Kunyar nan ta yi kusa da juna, doyar za ta fito kamar yatsa." Ya juya ya ce a kai shi gidan Alhaji.

Alhaji ya ce ya riga ya ba da fadama da tsakiya, magana ta ƙare. Saura tudun sama, mai tsakuwa, wanda masu so ɗin suka duba suka ce a bar wa Allah. In Mahmuda na so ya ɗauka, don shi mutum ne mai tausayi. Mahmuda ya ce yana so.

Ƙasa ta riga ta fara tauri. Iorfa ya kawo ƙannensa uku, ni na je da tsohuwar garmata da tsohon bayana, Rekiya ta dafa shinkafar Onarabul aka ci a gona, ba ta ishi kowa ba. Mahmuda ya ɗaure hannunsa a ƙotar garma da tsumma don yatsun ba sa riƙewa. Kwana biyar muka yi, muka ta da kunya ɗari uku, a inda da yake ta da dubu biyu. Rabin irin ya binne, rabin ya raba wa Iorfa da ƙannensa kafin ya ruɓe.

Doyar da tudun ya bayar ba ta shiga kasuwa ba, kunya za ta ji a gaban 'yan uwanta. Sun ci a gida, ya fitar da iri. Har yau bai san mai muryar ba. Yana zuwa ɗaki na huɗu sau ɗaya a wata, har yanzu tana ce masa ki, ya daina gyara mata. In an gaishe shi yana amsawa, amma shi ya fara gaida mutum, sai wanda ya haura hamsin.

Bana ya kwashe tsakuwa kwando-kwando ya tara a gefe, ya zuba kashin kaji da ya roƙo a wata gonar kaji, ya ta da ɗari biyar. Ya je ya tambayi Alhaji ko baɗi za a mayar masa da tsakiya. Alhaji ya ce ya ji an ce tudun nan ya gyaru, har wani ya fara tambaya. Mahmuda ya dawo gida, da asuba na ji yana wasa garma.